Maganin Hana Nuna: Zai Kai Tumatirinmu Legas Lafiya?

Alhaji Mai Tumatir, Ramin Kura:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga malamanmu na wannan zaure, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin sai na faɗi abin da ya same ni sannan za a gane dalilin tambayar. A bara, cikin watan Maris, na loda mota guda ta tumatir daga nan Sakkwato zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tumatirin fadamar Kwalkwalawa ne da na Wamakko, an tsinke shi da hantsi yana fara ja, muka gama lodi bayan la'asar. Motar ta lalace tsakanin Kontagora da Mokwa, ta kwana biyu a bakin hanya cikin rana kafin a samo ƙarfen da ya karye. Da suka isa aka kwance igiya, dillalina ya aiko mini da hoto: kwandunan ƙasa sun zama miya, ruwansu yana ɗiga ta tsakanin katakon mota, na sama kuwa sun nuna luguf, ko yatsa aka ɗora sai ya nutse. Abin da aka sayar bai biya kuɗin mota da na kwanduna ba, balle a yi maganar uwar kuɗi.

To, makon jiya wani saurayi ya zo rumfata da wasu 'yan ƙananan fakiti masu kama da na ganyen shayi, ya ce sinadari ne da ake kira 1-MCP, wai da shi Turawa ke ajiye tuffa wata da watanni, kuma in na jefa guda ɗaya cikin kowane kwando, tumatirina zai yi mako uku bai nuna ba. Ban saya ba, na ce ya ba ni lokaci. Abin da nake so in sani shi ne, shin akwai wannan abu da gaske, ko dabarar cin kuɗin mutane ce? In akwai shi, yana cutar da mai ci? Kuma mene ne bambancinsa da kabayid ɗin da ake ta yi mana gargaɗi a kansa a rediyo?

Ɗan Wurno:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka, domin kowace shekara sai an zo mana da sabon abu a kwalba ko a leda, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo ya tambayi yadda aka kwashe ba bayan kuɗi sun shiga aljihunsa. Amma in malamai sun tabbatar yana aiki, a gaya mana ko zai yi wa albasa, domin mu a nan ita ce ke hana mu barci.

Malamin Gona:

Alhaji, Allah ya cike gurbin abin da aka rasa. Sinadarin akwai shi, ba ƙirƙira ba ce, sai dai abin da saurayin nan ya faɗa maka rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuma talla. Zan fara daga tushe domin kowa ya bi ni.

Akwai wata iska da 'ya'yan itace da kayan lambu suke fitarwa da kansu, ana kiranta etilin. Ido ba ya ganinta, kuma a ɗan adadin da suke fitarwa hanci ma ba ya jin ta, amma ita ce ke ba tumatir da ayaba da mangwaro da gwanda umarnin su fara nuna, wato su sauya launi, su yi laushi, ƙamshinsu ya tashi. Wani masani ɗan Rasha mai suna Dimitri Neljubow ne ya fara gano tasirinta a 1901, lokacin da ya lura cewa gas ɗin da ake kunna fitilu da shi a zamanin yana karkatar da tsiron wani nau'in wake a ɗakin gwajinsa, sai a 1934 Richard Gane a Ingila ya tabbatar da cewa tuffa da kanta tana fitar da wannan iska. Iyayenmu ma sun san aikinta, sunanta ne kawai ba su sani ba. Duk matar da ta taɓa tura ɗanyen mangwaro cikin buhu ta ɗaure bakinsa, ko ta sa nunanniyar ayaba guda a cikin ɗanyu ta rufe, da etilin ta yi aiki. Abu biyu ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe: wanda ya bugu ko ya fashe ya fi lafiyayye fitar da iskar, sannan a irin waɗannan kaya kaɗan daga cikinta takan sa su fitar da mai yawa. Shi ya sa kwandon da ya murƙushe a ƙasan mota yake jan na kusa da shi.

A jikin tumatir akwai wasu gurabe ƙanana ƙwarai da etilin take zama a cikinsu kafin umarninta ya isa. Shi 1-MCP iska ne shi ma, kuma yakan shiga waɗannan gurabe ya zauna daram, kamar fasinjan da ya riga ka shiga mota a tasha ya hau kujerarka ya ƙi tashi, kai kuwa kana tsaye a waje da jakarka. Etilin tana nan, amma ba ta da wurin zama, don haka nuna ya tsaya har sai tumatirin ya ƙera sababbin gurabe. Malamai biyu na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Edward Sisler da Sylvia Blankenship, su ne suka gano wannan, aka ba su takardar mallakar fasahar a 1996. A 1999 aka fara sayar da shi don furanni da sunan EthylBloc, sannan a 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a yi amfani da shi a kan kayan ci da sunan SmartFresh. Masu noman tuffa ne suka fi cin moriyarsa, saboda haka a nan saurayin bai yi ƙarya ba.

Inda maganarsa ta karye shi ne wajen yadda ake amfani da shi. Ana kulle iskar ne a cikin wani gari da aka samo daga sitaci, idan garin ya taɓa ruwa ko ya ji danshi sai ta fito. Adadin da ake buƙata bai wuce kashi 1 cikin miliyan na iskar wurin ba, amma dole kayan su zauna tare da ita a ɗaki ko akwati rufe ruf na kimanin awa 12 zuwa 24. Kwandonmu kuwa duk ƙofofi ne, an rufe bakinsa da ganye ko takarda kawai, an ɗora a motar da iska ke kaɗawa ta kowane gefe. Jefa fakiti a ciki daidai yake da kunna turaren wuta a tsakiyar fili ranar da iskar hunturu ke busawa.

Hajiya Mai Kayan Marmari:

Malam, Allah ya ƙara basira. Yau ka warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ina da ɗan ɗaki a bayan shagona inda nake tara kaya, kuma shekaran jiya na yi rigima da wanda ke kawo mini kankana, domin na yanka guda uku na tarar bayansu lafiya lau amma cikinsu ya yi laushi ya saki ruwa, kamar an jiƙa soso. Na ce masa tsohuwar kankana ya kawo mini, ya rantse bai yi ba. Yanzu da na tuna, kwana huɗu ta yi jingine da nonon ayaba da kwalin mangwaro a ɗakin, ƙofa a rufe. Ashe ni ce da laifi? Sannan ba ka amsa tambayar Alhaji kan kabayid ba, ita ce kuwa ta fi damuna, domin masu saye sukan tsare ni da ita.

Malamin Gona:

Hajiya, ba zan yanke hukunci tsakaninki da mai kankana ba, amma abin da kika bayyana shi ne ainihin yadda etilin ke yi wa kankana. Ita ba ta cikin kayan da ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, haka lemo da abarba da inabi, sai dai iskar maƙwabtanta tana lalata mata ciki. Haka take sa karas ɗaci, ta mayar da kokwamba da kabeji rawaya, ta fitar wa latas ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa. Hayaƙin janareta da na mota ma yana ɗauke da ita, don haka in janaretanki yana kusa da tagar ɗakin, a matsar da shi. Raba ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir daga sauran kaya, da buɗe taga, magani ne da ba ya cin ko kwabo.

Kabayid kuwa kishiyar abin da muke magana ne. Shi ne dutsen da masu walda ke jiƙawa, idan ya ji danshi sai ya fitar da iskar asetilin wadda ke kwaikwayon etilin, ta tilasta wa ɗanyen abu ya yi launi kafin lokacinsa. Haɗarinsa shi ne na kasuwa yakan zo gauraye da guba irin su asenik da fosfaras, shi ya sa hukumar NAFDAC ta hana nunar da 'ya'yan itace da shi. Kabayid yana gaggauta nuna, 1-MCP yana jinkirta shi. Shi 1-MCP abin da ke saura a jikin kaya bayan an yi amfani da shi yadda aka tsara ƙanƙane ne matuƙa, kuma Amurka da Tarayyar Turai duk sun amince da shi. Amma wannan magana a kan na ainihi take. Fakitin da ba shi da sunan kamfani, ba lambar rajistar NAFDAC, ba ranar lalacewa, babu wanda zai iya rantse maka a kan abin da ke cikinsa.

Direban Legas:

Ranku ya daɗe, ni ban yi karatun gona ba, amma na fi shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan, daga Tambuwal zuwa Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilorin har Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. Abin da na gani da idona shi ne, ba nuna ne ke fara kashe tumatir ba, nauyi ne da rana. Ana jera kwando kan kwando, na sama yana zaune a kan tumatirin na ƙasa, kowane rami muka faɗa sai ya ƙara danna shi, ga tsinken kwandon kansa yana soke na gefe. Ranar da na ɗauko lodin akwatunan roba, irin waɗanda ke hawa kan gefen juna ba kan kayan ba, ko ɗigon ruwa ban gani a ƙasan mota ba. Ga kuma shingaye da tsayawar da ba ta da dalili, mota ta yi awa uku a rana tsaka, in ka tura hannu tsakiyar lodi ka ji kamar ka tura shi cikin tukunyar dambu. Don haka a ganina duk wannan zancen sinadari ɓata lokaci ne. A gyara hanya, a ba mu akwatunan roba, magana ta ƙare.

Ɗalibar Danfodiyo:

Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗaliba ce a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma da izininku zan ɗan saɓa wa Baba Direba, duk da cewa abin da ya faɗa kan nauyi da rana gaskiya ne tsantsa. A karatu ma an koya mana cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, numfashin kayan lambu yana ninkuwa sau biyu ko ma uku, kuma gwargwadon saurin numfashinsu gwargwadon saurin tsufansu. Amma cewa sinadarin ɓata lokaci ne, a nan nake ganin an yi gaggawa. Ba sai an sa shi a cikin mota ba. Ana iya yi wa kayan tun kafin lodi, a ɗaki mai rufi ko a ƙarƙashin tanti na leda mai kauri wanda aka danne gefensa da yashi, su kwana ɗaya, sannan a buɗe a loda. Da zarar iskar ta kama gurabenta, aikinta yana tafiya tare da tumatirin ko da a buɗaɗɗiyar mota ne. Wanda ya haɗa akwatin roba da wannan zai sami ƙarin kwanaki, kuma a irin tafiyar da Baba Alhaji ya ba da labari, kwana biyu ne kawai suka raba riba da hasara.

Abin da ya fi wahala shi ne lokacin yin sa. In aka yi wa tumatir yana kore shar, yakan daɗe bai nuna ba, wani ma ya nuna da dabbare-dabbare, ja a nan rawaya a can, kuma babu matar da za ta saye shi don miya. In kuwa ya riga ya nuna ya yi laushi, an makara, domin sinadarin ba ya mayar da nunanne ɗanye. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ya fara sauya launi daga gindi, ko ya yi ja-ja bai kai ga nuna sosai ba. Wannan yana nufin dole a tantance kayan daki-daki kafin a rufe su, abin da mu a nan ba mu saba yi ba, domin kore da ja da fasasshe duk kwando ɗaya suke shiga. Ayaba ma haka take, in aka yi mata tana ɗanya shataf, ɓawonta yakan ƙi yin rawaya bai ɗaya.

Akwai kuma wata hanyar dabam da ake yawan rikita ta da wannan. Wasu fakitin ba sa toshe gurabe, shanye etilin suke yi daga iska. A cikinsu akwai ƙwayoyi masu launin shuni da aka jiƙa da sinadarin fotasiyam famanganet, idan sun gama aiki sai su koma launin ƙasa. Su ma sai a cikin kwali ko leda rufaffiya suke da amfani, kuma ba a barin ƙwayoyin su taɓa abin ci. Baba Alhaji, in saurayin ya dawo, ka ce ya yaga guda ɗaya ka gani. In shuni ne, to ba 1-MCP ba ne, kuma shi kansa bai san abin da yake sayarwa ba.

Direban Legas:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, na karɓi gyara. Sai dai ki sani kwana ɗayan nan da kike cewa a rufe kaya ba ƙaramin abu ba ne a wurin ɗan kasuwa. Farashin Mile 12 yakan sauya tsakanin asuba da azahar gwargwadon motocin da suka shigo daga Kano da Zariya da Jos, kuma kowa tsere yake ya riga ɗan uwansa. Sannan in kika rufe tumatir da leda a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba dafa shi za ki yi ba?

Malamin Gona:

Tambayar Direba ita ce zuciyar maganar, kuma ɗalibarmu ba za ta musa ba. Inda aka fi amfana da 1-MCP, wato wajen tuffa, tare da ɗakin sanyi ake haɗa shi, shi mataimaki ne kawai. A wurinmu in za a yi rufin, sai da dare, a inuwa, bayan an bar kayan sun huce daga zafin gona, kuma ya fi sauƙi a watannin Janairu da Fabrairu da dare ke da sanyi. A bazara kuwa akwai wata matsalar da sinadarin ba shi da hannu a ciki: idan zafi ya wuce digiri 30, tumatir ba ya iya haɗa jan launinsa yadda ya kamata, shi ya sa muke ganin na ƙarshen kaka yana fitowa ruwan lemo-lemo, ga laushi. Haka kuma sinadarin ba ya kashe ƙwayar cuta ko fumfuna, ba ya hana yaushi, ba ya ɗinke wanda ya fashe. Ƙofa ɗaya kawai yake rufewa cikin ƙofofi da yawa.

Kada kuma wani ya ji an ce sanyi ya tura tumatir cikin firiji mai ƙanƙara. Ɗanyen tumatir da ayaba da mangwaro 'yan ƙasar zafi ne, wajen digiri 13 suke so, in aka sauko ƙasa da haka sosai sanyin yakan ƙona su. Wannan ya sa dabarun sanyaya kaya da ruwa suke dacewa da mu, musamman da yake iskarmu busasshiya ce a rani. Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, misali ce a ƙaramin mataki. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan ma'adanai, ga kuma ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana irin na kamfanin ColdHubs a wasu kasuwannin ƙasar nan.

Ɗan Wurno:

Malam, har yanzu ba a zo kan albasa ba. Mu daga Wurno da Goronyo da Kware da Gada, mukan cire ta a ƙarshen rani lokacin da kasuwa ta cika har buhu ba ya da daraja, mu zuba a rudu muna jiran farashi ya tashi. Da damina ta sauka sai ka shiga rudu ka ji wari ya tare ka tun daga bakin ƙofa, ka ɗaga ta sama ka ga baƙin gari kamar toka a ƙarƙashin ɓawo, wata kuma wuyanta ya yi ruwa, in ka matsa sai ta fashe a hannunka. Duk mako sai mun juya mun tsince, kuma abin da muke fitarwa a ƙarshe ba ya kama da abin da muka zuba. In wannan iska za ta tsayar da haka, ko nawa ce zan saya.

Malamin Gona:

Ɗan uwa, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ba maganin ciwonka ba ne. Albasa ba ta nuna kamar tumatir, kuma etilin da take fitarwa kaɗan ce ƙwarai. Abin mamaki ma, a Ingila da wasu ƙasashen Turai etilin ɗin kanta ake sakar wa albasa da dankalin Turawa a rumbunan sanyi domin ta hana su tsiro. Baƙin garin da kake gani fumfuna ce mai son zafi da danshi, wuyan da ke ruwa kuwa yawanci alama ce ta cewa bai bushe ya rufe ba kafin a zuba ta, sai ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Maganin yana farawa tun a gona: a rage takin yuriya a ƙarshen noma, a janye ban ruwa kimanin mako biyu kafin cira, a jira ganye ya kwanta da kansa, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya ƙanƙance ɓawon ya yi ƙarar takarda, kada a yanke ganyen dab da kai. Rudun kuma a ɗaga shi daga ƙasa, kada a cika zurfin zubi, rufin ya zama ba ya yoyo, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Iri ma yana da nasa rabo, domin jar albasa irin ta Galmi da maƙwabtanmu na Nijar ke nomawa an san ta da jure ajiya.

Malam na Zaure:

Jama'a, ina biye da ku tun farko, kuma akwai gefen da ba a taɓa ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Ban ce adana kaya algus ba ne, domin da haka ne da rumbu da kauɗa da gabu ma sun zama laifi. Tambayata ita ce, idan tumatir ya yi kwana goma amma fuskarsa ta kwana biyu ce, kuma mai saye yana biyan kuɗin sabo, ina matsayin mai sayarwa?

Hajiya Mai Kayan Marmari:

Allah gafarta Malam, ni a fahimtata mai saye lafiyar kaya yake biya, ba yawan kwanakinsa ba. Tuffar da muke sarowa daga ƙasashen waje wa ya san watan da aka tsinke ta? Inda zan yarda da kai shi ne in ɗanɗanon ya ragu alhali fuskar tana nan, domin na sha cizon tuffa mai ƙarfi garas-garas amma ba ƙamshi ko kaɗan.

Ɗalibar Danfodiyo:

Abin da Hajiya ta lura da shi sananne ne a wurin masu bincike. Etilin ce ke tayar da sinadaran ƙamshi, don haka idan aka toshe ta ƙamshin yakan ragu, musamman a tuffa, ko da ƙarfin jiki da tsamin suna nan. A tumatirin da aka yi wa yana ja-ja kuwa, jinkiri ne na kwanaki, daga baya ya ci gaba da nuna. Amsar tambayar Malam na Zaure a ganina mai sauƙi ce a aikace: a gaya wa dillali an yi wa kayan, shi ma ya san cewa zai ɗan jira kafin su yi ja sosai, wataƙila ma ya fi so, tunda masu kai wa otal da manyan kantuna mai ƙarfi suke nema.

Alhaji Mai Tumatir, Ramin Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saurayin ya dawo ɗazu bayan azahar, na ce ya yaga guda kamar yadda 'yata ta ce. Farin gari ne a ciki, ba shuni ba, amma da na juya ledar da aka zubo su babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, kuma da na tambaye shi fakiti ɗaya na kwali mai girman nawa ne, sai ya ce ai ko'ina aka jefa yana yi. Na sallame shi da kuɗin mashin.

Ga abin da na yanke. Lodin farko na bana zan yi hayar akwatunan roba ko da na rabin mota ne, a tsinke da asuba maimakon hantsi, a ware kore da ja-ja da nunanne tun a gona, fasasshe kuma ya tsaya nan a yanka shi a shanya kauɗa. In an sami sinadarin na ainihi mai rajista, ina so Malamin Gona da ɗalibarmu su zo mu gwada a ɗakin ajiyata da akwati goma, biyar a rufe da shi, biyar a rufe haka nan babu komai, duk daga gona ɗaya a rana ɗaya, mu sa musu alama da fenti a loda su wuri ɗaya. Direba, in kai ne za ka ɗauka, wane wuri a cikin mota ya fi dacewa a ajiye su don kada a ce wuri ne ya bambanta su?

Direban Legas:

A sa su a tsakiya, Alhaji, jere ɗaya, a riƙa saɓa mai alama da marar alama, domin bayan mota ya fi jijjiga, gaba kuma yana ɗaukar zafin inji. Ka kuma gaya wa dillalinka kada ya sayar da goman nan ranar da muka isa, ya ajiye su a inuwa ya riƙa ɗaukar hotonsu kowace safiya har kwana biyar yana turo mana nan.